Takardar da Zlatka Ta Manna a Ƙofa

A unguwarmu ta ƙasan kasuwa a Teteven, in ka ce "Zlatka" sai an tambaye ka: matar ko shagon? Sunansu ɗaya. Marigayi mijinta Minko ne ya rubuta sunan da jan fenti a saman ƙofa, shekarar da masana'antar katako ta sallame su su biyu a rana guda. Ya fasa bangon ɗakin ƙasa, ya kafa kanta, suka zuba littattafan rubutu da biro da fensir da ambulan. Tun daga ranar Zlatka ta shige bayan kantar nan. In ka cire Lahadi da ranar da aka binne Minko, ba mai cewa ya taɓa ganin ƙofar a rufe.

Mace ce gajeriya mai jiki, gilashinta rataye a wuya da zare, yatsunta ba sa rabuwa da tawada. Shagon kuwa, in mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya a waje ya miƙo wuya. Wurin tsayuwarta tsakanin injin fotokofi ne da bango, da ƙyar take juyawa. Donka, maƙwabciyarta mai gasa burodi, ba ta gajiya da tsokanarta.

"Zlatke, ranar da kika ƙara ƙiba sai an kira magina sun fasa bango kafin a fito da ke."

"Ke ce za ki biya su, tunda burodinki ne ya jawo."

Watan Satumba shi ne kakar Zlatka. Shamuwa sun tashi sun bar sheƙarsu a kan falwaya, zafi ya karye, inabi ya nuna a rumfunan tsakar gida. Ko'ina ka juya ƙamshin tattasai ne da ake gasawa. Mata su fito da murhu bakin titi, wannan na ɓarewa, waccan na tafasa tumatir, ana ɗura kwalabe saboda hunturu, ana gulmar duk wanda bai fito ba. Iyaye kuma su cika shagon da yara, a yi ta rigima a kan bangon littafi, wannan mai hoton mota yake so, waccan sai mai kyanwa. Ranar sha biyar ga wata, da aka buɗe makaranta, Zlatka takan tsaya a bakin ƙofa ta ga yaran suna wucewa da furannin malamai sun fi kansu girma, iyaye mata na zuba musu ruwa a gaban ƙafa don shekarar ta tafi sumul. Tana son wannan lokaci, so na gaske. Ba ta ɓoyewa.

Sai dai yaran raguwa suke yi kowace shekara, don iyayensu sun watse ƙasashen waje neman abinci. Biro da fensir kaɗai da tuni an rufe shagon. Abin da ke riƙe da shi sauran watanni shi ne takardun rasuwa.

Mu nan in mutum ya mutu sai an buga masa takarda: fara, da baƙin layi mai kauri a kewaye, hotonsa a sama, sunansa da manyan haruffa, shekarar haihuwa da ta mutuwa a ƙasan sunan. A manna a ƙofar gidansa, a jikin bishiya, a bangon coci. In ya cika kwana arba'in a sake bugawa, in ya yi wata shida a sake, in ya shekara a sake, wasu iyalan ma ba sa dainawa sai su ma an buga tasu. A duk unguwar Zlatka ce kaɗai mai bugawa. Kuma ba bugawar kawai ba. Ita ke zaunar da mai makoki a kan kujerarta guda ɗaya, ta ba shi ruwa, ta zaɓa masa hoton da mamacin bai yi kama da ɗan kurkuku ba, ta gyara masa kalmomin da kuka ya hana shi haɗawa. Kwamfutar da take aikin da ita tsohuwa ce, kuma abu ɗaya tak ta iya da ita. 'Yarta Nevena, kafin ta bar ƙasar, ta tsara mata shafin takardar rasuwa, ta nuna mata inda za ta goge suna ta sa wani. Iyakar karatun Zlatka a kwamfuta ke nan, kuma ya ishe ta.

Nevena ita kaɗai Allah ya ba su. Tana Valencia, can Sifen, tana auren wani Andrés mai gyaran lantarki. Shekara da shekaru tana cewa, "Mamo, ki rufe shagon nan ki taho, me ya rage miki a can?" Zlatka kuma kullum da abin da za ta jira. Bari a buɗe makaranta. Bari arba'in ɗin wane ya wuce, iyalinsa ba su da kowa. To arba'in ɗin wane na wucewa sai wata shidan wance ya taso, kafin a gama wannan wani sabo ya kwanta dama. A unguwar da tsofaffi suka fi yawa, in mutuwa kake jira ta huta, ai sai ka tsufa a tsaye.

Bana maganar ta canza. Nevena na da ciki na fari, bayan an daɗe ana jira, haihuwa a watan Oktoba. Ta kira kwana biyu kafin a buɗe makaranta, muryarta ba wasa.

"Mamo, ɗaki ɗaya ne da mu na baƙi. Pilar, mahaifiyar Andrés, ta ce za ta tattaro daga ƙauye ta zauna da mu in ke ba za ki zo ba. In ta shiga ɗakin nan ba fita za ta yi ba, na san ta. Ni ke nake so. Ranar Talata da yamma zan kira ki, ki ce min in sayi tikiti ko kar in saya. Ba zan ƙara roƙonki ba, na gaji."

"Saya za ki yi, 'yar nan. Bari dai in faɗa wa mutane."

"Waɗanne mutane? Izininsu za ki nema?"

Ba izini ba ne, amma Zlatka ta kasa bayyana mata ko mene ne. Tana son tafiyar har cikin ranta. Tana kwanciya tana ganin kanta da jariri a cinya, tana yi masa wankan farko da hannunta kamar yadda uwarta ta yi wa Nevena. Ta gaji da bayan kantar nan, ƙafafunta sun kumbura da tsayuwa, ta gaji da hotunan matattu. Abin da ya gagare ta shi ne ta dubi idon mutanen nan ta ce ta tafi.

Ta gwada, ba a ce ba ta gwada ba. Ranar da aka buɗe makaranta, da la'asar, an baje a gaban shagon ana ɓare tattasan Donka. Akwai baba Tota, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda ɗanta tilo Petyo ya rasu a hatsarin mota tun yana saurayi, kuma duk shekara Zlatka ke sabunta masa takarda. Akwai bai Kolyo (mu nan "bai" ake ce wa dattijo), tsohon direban bas da ya yi ritaya, wanda bencin ƙofar shagon ya zama ofishinsa. Shi ba ya ɓare komai, sai ba da umarni da ɗanɗana barasar inabinsa. Rana ta yi sanyi, hannaye sun yi baƙi da ƙonannen bawo, ana ta dariya. Zlatka ta goge hannu a zanen gabanta, ta gyara murya.

"Ina da magana."

"Ta samu miji!" in ji bai Kolyo. "Na faɗa muku. To ni ina nan zaune shekara nawa, sai wani bare ya zo ya ɗauke?"

"Kai da haƙoranka suke kwana a kofi?" Donka ta ce. "Bar ta ta yi magana."

"Maganar Nevena ce," Zlatka ta ce. "Haihuwa ta matso."

Nan wurin ya kaure da murna. Baba Tota ta jawo ta ta sumbaci goshinta, ta ce za ta saƙa wa jaririn safa, Zlatka ta aika a gidan waya. Sai ta ƙara da cewa, "Ki aika dai, kar ki ce za ki kai da kanki. Na ga waɗanda suka je ganin jika, ko ɗaya bai dawo ba. Takardar Petyo saura mako uku, kin tuna ko?"

"Na tuna, baba Tota."

"Ai na sani. Ke ba kya mantawa."

Zlatka ta haɗiye sauran maganar. Ta koma ta ɗauki tattasai ta ci gaba da ɓarewa, haushin kanta kamar ta mari kanta.

Ranar Litinin da ta rufe shago sai dabara ta faɗo mata. Abin da baki ya kasa, takarda ta faɗa, ai sana'arta ce. Za ta rubuta ta manna a ƙofa, gobe da sassafe ta hau bas zuwa birnin Lovech ta sayo akwatin tafiya, don in a nan ta saya kafin ta iso gida labarin ya riga ta. Kafin ta dawo da rana sun karanta, sun yi fushinsu, sun huce. Ita sai ta zo ta tarar da abin ya riga ya faru.

Ta kunna kwamfuta, ta buɗe shafin nan guda ɗaya da ta iya. Ta cire gicciye, ta cire hoton mutumin da ta buga wa na ƙarshe. Layin sama da ke cewa "Da baƙin ciki ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki" ta bar shi, don gaskiya ne, da baƙin cikin take sanarwa. A gurbin suna ta sa sunan shago, ZLATKA. A gurbin shekaru ta sa na shagon, 1993 zuwa 2018. Can ƙasa, inda iyalan mamaci ke sa hannu da ƙananan haruffa, ta rubuta: "Za a rufe shagon a ƙarshen wata. Zan tafi wurin 'yata. Na gode muku duka." Baƙin layin da ke kewaye kuwa, ko ganinsa ba ta yi ba. Wanda ya yi shekaru yana kallon abu kullum, idonsa ya daina nuna masa shi. Ko da ta gani ma ba ta san yadda ake cire shi ba.

Gari bai gama wayewa ba ta manna takardar a ƙofa, ta bi ta bayan layi zuwa tasha kamar ɓarauniya. Wayarta ta kashe, don ba ta son kowa ya kira ta yana tambaya.

A Lovech ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba. Ba wanda ya san ta. Ta sha kofi a zaune, a kujera mai jingina, wani ne ma ya kawo mata. Ta shiga shago ta zaɓi akwati shuɗi mai taya, ta ja shi a titi tana jin ƙararsa a kan duwatsu, ta saya wa jariri hula ƙarama ta jefa ciki. A bas ɗin dawowa ta yi ta shirya amsoshi. In baba Tota ta yi kuka, za ta ce za ta koya wa Donka bugawa. In bai Kolyo ya yi fushi, za ta ce ya ɗauki bencin ya kai ƙofar gidansa.

To ga abin da ya faru a bayanta. Baba Tota ce ta fara isowa, da sandarta, ba gilashi. Ta ga ƙofar da ba a taɓa rufewa ba a rufe. Ta ga farar takarda da baƙin layi. Ta matsa har hancinta na taɓa takardar, ta haɗa manyan haruffan ɗaya bayan ɗaya, sai ta zube a kan benci ta ɗora hannu a ka. Kukanta ne ya fito da mutanen layin. Bai Kolyo ya zo yana ture mutane, ya ce a ba shi wuri shi ya karanta. Ya karanta layin sama da ƙarfi, ya karanta sunan, muryarsa ta karye, ya cire hula ya juya baya. Aka buga ƙofar gidanta ta sama, shiru. Aka kira waya, a kashe. Wata ta ce ita kam ta ji kukan motar asibiti da asuba. Kafin a jima motar asibitin ta zama gaskiya, har da wanda ya ga an fito da ita. Wata tsohuwa ta kawo baƙin ƙyalle, kamar yadda ake yi, ta ɗaura a ƙofar, jelarsa ta sauko ta rufe rabin takardar na ƙasa. Matasan da za su ɗaga ƙyallen su karanta suna wurin aiki ko suna Jamus. Donka ma ta tafi sayen fulawa, ba ta nan.

Kar ka ce wautarsu ta yi yawa. A garin nan, farar takarda mai baƙin layi a ƙofar mutum ba ta taɓa nufin wani abu daban ba.

Da rana tsaka Zlatka ta shawo kwanar layin tana jan akwati. Ta hango taro a ƙofar shagonta, ta ce a ranta, to, sun taru su yi min faɗa. Da ta matso sai ta ga kyandirori a kan dakali. Ta ga furanni jingine da ƙofa, bibbiyu bibbiyu, irin ƙidayar da ake kai wa matattu. Wata har ta dafa alkamar sadakar mamaci ta kawo a kwano. Kowa ya ba ta baya, suna fuskantar ƙofa, bai Kolyo na magana da hula a ƙirji.

"Kuma ku duba, ko wane ne ya buga, ko hoto bai sa mata ba. Shekarar haihuwar ma ya kuskure, ya mai da ita yarinya. Da tana nan, wallahi ba za ta bar wannan aikin banza ya fita ba."

"Allah sarki Zlatka," wata ta ce. "Ta buga wa kowa, ita ta rasa mai buga mata ta kirki."

Zlatka ta tsaya, hannunta a kan akwati. Sai yanzu ta ga baƙin layin. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Me kuke yi a ƙofar shagona?"

Kai, ranar an ga gudu. Mai kwanon alkama ta saki kwano. Wata ta yi alamar gicciye ta faɗa bayan bishiya. Bai Kolyo ya ja baya har ya taka kyandir, bakinsa a buɗe, haƙoran kofin suna neman faɗowa. Baba Tota ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta taso da ƙyar, ta tako, ta kama kumatun Zlatka da hannu biyu ta matsa, ta ji da ɗumi. Sai ta ɗaga sanda ta maka mata a cinya.

"'Yar banza! 'Yar banza mara mutunci! Kashe ni za ki yi?"

Daga nan ta rungume ta tana kuka, jikinta na rawa, ba nauyi kamar kaza. Sauran suka dawo, kowa na son ya taɓa ta. Ana kuka ana dariya. Bai Kolyo ya dawo hayyacinsa, bakinsa ma ya dawo.

"Daga lahira har da tsaraba? Me suka ba ki a akwatin?"

Nan ne wurin. Duk unguwar na gabanta, tambayar ma an yi mata ita a sauƙaƙe. Zlatka ta dubi fuskokin nan da suka jiƙe, ta ji yatsun baba Tota sun nutse a hannunta.

"Kayan shago ne," ta ce.

"To takardar fa? Wane ɗan iska ne ya yi miki wannan?"

"Kuskure ne. Injin ne."

Bai Kolyo bai jira ƙarin bayani ba. Ya fizge ƙyallen da takardar tare, ya yayyaga ta ƙanana, ya tofa mata yawu, ya cusa a murhun tattasan da ke ci a gefe. Aka yi tafi. Ya ce duk wanda aka yi wa makoki yana raye sai ya shekara ɗari, kowa ya sani. Aka zare fure ɗaya daga kowane dami don ƙidayar ta koma ta masu rai, aka tula mata a hannu. Wani ya kawo tebur, wani burodi, bai Kolyo ya aika a ɗauko kwalbarsa. Ya ɗaga kofi.

"Zlatke, ke za ki binne mu duka. Ke za ki buga tawa, ki buga ta Tota, ki buga ta kowa a nan. Sai kin gama da na ƙarshenmu sannan za mu ba ki izinin mutuwa!"

Aka yi shewa. Zlatka ma ta yi dariya, don ba yadda za ta yi, amma ji ta yi kamar an turo ƙofa an sa sakata ta waje. Ba ta taɓa sanin ana sonta haka ba, kuma ba ta taɓa jin ƙunci irin na ranar ba.

Da la'asar taron ya watse. Ta buɗe shago, ta tura akwatin ƙarƙashin kanta, inda ya cinye ɗan wurin da ƙafafunta ke samu. Donka ta shigo ta rufo ƙofa. Ta dawo daga sayen fulawa ana tsakiyar kuka, ashe, kafin isowar Zlatka da kaɗan.

"Ni na ɗaga ƙyallen," ta ce. "Na karanta har ƙasa."

Zlatka ta sunkuyar da kai. "Me ya hana ki faɗa musu?"

"Ina cikin neman ta inda zan fara kika ɓullo. Kuma ba maganata ba ce, taki ce." Donka ta dafa kantar da hannu biyu. "Zlatke, ki tafi. Ni zan fi kowa kewarki, amma ki tafi. Su yi kukan, yau ma ai sun yi, ba wanda ya mutu."

"Ba ki ji yadda baba Tota take rawa a hannuna ba."

"Na ji. Nevena fa? Ita ba ta rawa, don ba kya ganinta?"

Kafin Zlatka ta amsa aka turo ƙofa. Baba Tota ce, ta koma gida ta dawo, da wani abu naɗe a hankici. Donka ta girgiza kai ta fita. Tsohuwar ta zauna a kujerar nan guda ɗaya, ta warware hankicin a hankali. Hoto ne, ita ce tana budurwa, da kitso biyu har ƙirji.

"Yau da na ga takardar nan," ta ce, "ba ke kaɗai na yi wa kuka ba, kar in yi miki ƙarya. Cewa na yi, shi ke nan, Petyo ya mutu na biyu. Ni kuma in na tafi, wa zai sani? Ba ni da wanda zai kawo miki hoto. To ga shi na kawo da kaina. Wannan nake so, ba na katin fansho ba. Ki sa mu a takarda ɗaya da Petyo, duk shekara, ko guda ɗaya ce, a bangon coci." Ta kama hannun Zlatka ta danna hoton a ciki, ta rufe da nata. "Ce min kin karɓa."

"Baba Tota…"

"Ce min."

"Na karɓa."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta tashi, ta ce yau za ta yi barci.

Rana na gab da faɗuwa Zlatka ta kunna waya. Ko ajiye ta ba ta yi ba ta fara ƙara.

"Mamo, tun ɗazu nake nema. Ga ni a gaban kwamfuta. In saya?"

"Nevena, bari ki ji abin da ya faru yau, sai cikinki ya yi ciwo don dariya."

Ta ba ta labarin duka, da kyandirori, da kwanon alkama, da haƙoran bai Kolyo. Ta yi ta ja, tana ƙara gishiri, tana kwaikwayon muryoyi. Can ɓangaren ba a yi dariya ba ko sau ɗaya.

"Kin faɗa musu?"

"Na sayi akwati. Shuɗi ne, mai taya. Har da hula na saya wa…"

"Mamo. In saya ko kar in saya?"

Hoton na hannunta. Ta dubi yarinyar mai kitso biyu. Kalma ɗaya ce ake nema, ta san ta, tana kan harshenta, tana son faɗarta fiye da duk abin da ta taɓa so. Sai aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa.

"Ɗan riƙe, wani ne a ƙofa, bari in sallame shi."

Da Nevena ta sake magana, ba faɗa a muryarta, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Shi ke nan, Mamo. Je ki sallami mutanenki. Zan kira Pilar. Dama ta ce bahon da ta yi wa Andrés wanka yana nan ta ajiye."

Wayar ta mutu. Zlatka ta tsaya da ita a kunne, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba. Aka sake ƙwanƙwasawa. Ta miƙa hannu ta saman kantar ta zare sakata.

Bai Kolyo ne, ya aske gemu, ya sa riga mai tsabta. Hotuna biyu ne a hannunsa, ɗaya da kakin soja, ɗaya a gaban bas ɗinsa. Labarin baba Tota ya riga ya zaga layin. A bayansa wasu tsofaffi mata biyu na tafe a hankali, kowacce da abu a hankici.

"Kar ki yi min dariya," ya ce, yau ba tsokana a bakinsa. "Wanne ya fi? Ke kika san aikin." Sai ya lura da fuskarta. "A'a, kuka kuma? Ai ya wuce, Zlatke. Kina nan tare da mu, ba inda za ki."

Ta ɗauki gilashinta ta sa a ido.

"Kawo nan in gani a haske," ta ce.